Tsatsa a Ƙarƙashin Batir

Motata ta farko ruɓaɓɓiya ce, kuma Yayana ne ya fara gaya mini, shi ya sa na yi wata shida ban yarda ba. Da wani ne ya faɗa, da a ranar na duba. Amma Yaya, ko sallama ya yi mini sai na juya ta na ga ko akwai ƙaya a ciki.

Lokacin kuɗin fetur ne. An yi mana ƙarin albashi, aka haɗa da ariyas na watannin baya aka zube mana a hannu lokaci guda, ma'aikata suka haukace. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, wani abokin aikina ya sayi firji ya kai ƙauyensu inda babu lantarki, matarsa tana ajiye zannuwa a ciki. Ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata a Kano. Sabuwar mota ta fi ƙarfina, sai na sayi wata fara ta hannu da aka kawo daga Ikko. Fentinta yana ɗaukar ido. Na buɗe boneti don mai sayarwa ya ɗauka na san mota, na leƙa, na gyaɗa kai, na rufe.

Ranar Asabar na tuƙo ta zuwa gida Wudil. Na tsallake gada ina ta danna ham ba gaira ba dalili, masu kifi suna bi na da kallo. Inna ta fito har ƙofar gida, ta shafa motar, ta yi addu'a, ta share hawaye ta ce ina ma Babanku ya gani. Maƙwabta suka taru. Sai ga Yaya ya taso daga maƙera, wadda take jikin gidanmu a bakin titi, yana goge hannu da tsumma. Bai ce Allah ya sanya alheri ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba ta hagu, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Akawu, gwangwani aka sayar maka," ya ce. "Iskar teku ta gama da ita. Ƙarƙashin batir ɗin nan saura ƙiris ya rufta."

A gaban mutane ya faɗa, kuma wasu suka yi dariya. Na ce masa hassada ce, in ya isa shi ma ya sayi gwangwanin. Inna ta ce ya isa haka. Na yini ban sake kallon inda yake ba.

Gidanmu gidan maƙera ne kaka da kakanni. Baba ya ƙera wa manoman Lajawa da Dagumawa garma da fartanya da lauje har ƙarfinsa ya ƙare, kuma duk wanda wuta ta ƙona a unguwa gidanmu ake kawo shi karɓar magani. Mu biyu ne maza. Da aka matsa sai kowane gida ya ba da yaro makaranta, ni aka bayar, saboda ni ne ba na iya ɗaga babbar guduma. Yaya ya tsaya a gaban wuta. Da motoci suka yawaita a hanyar nan ya je ya koyo walda, ya sayo tukunyar gas, maƙerar Baba ta zama rabi maƙera rabi gareji. Tun ina aji biyu yake ce mini Akawu, tun kafin in san abin da akawu yake yi, kuma bai taɓa faɗa da niyyar yabo ba. In na zo hutu ya miƙo hannu mu gaisa, sai ya matse nawa da gangan har ƙwalla ta cika mini ido, sannan ya juya tafina ya nuna wa manoman da ke zaune, ya ce su zo su ga hannun amarya. Na tsani sunan nan, na tsani hannunsa mai kaushi, kuma na daɗe ina jin na tsane shi.

Ni ma ba wankakke ba ne. Da zan tafi makarantar kwana, Baba ya yanka duro ya ƙera mini akwati. Kwana uku yana yi. Ya shafa masa koren fenti, kuma da yake bai iya boko ba, ni ya ba burushi na rubuta sunana da sunan garinmu a murfi da farin fenti, yana riƙe mini da gwangwanin yana kallo kamar wani abin al'ajabi nake yi. Akwatin nan sai mutum biyu suke ɗaga shi. A makaranta 'yan birni masu fantimoti suka sa ni a gaba, suka ce ɗan maƙeri ya zo da uwar maƙera. Hutun farko na bar shi a gida na ce mariƙinsa yana yanka mini hannu. Baba ya tura shi ƙarƙashin gadonsa, yana ajiye rigarsa ta Juma'a a ciki. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Yana da gona kam, da wannan nake rarrashin kaina.

Akwai wata ƙa'ida a maƙerarmu wadda Baba ya gada, kuma ba ta da sassauci. Ba a yi wa ɗan gida aiki, sai dai a yi da shi. Ko allura ce taka ta karye, in dai kai jinin gidan ne, za ka cire riga ka kama zugazugi ko awartaki. Akwai wani dogon benci a ƙarƙashin rumfa, wannan na baƙi ne masu kawo aiki. Duk wanda aka nuna wa bencin nan aka ce ya zauna a yi masa, an gaya masa matsayinsa ke nan. Ni kuwa tun da Baba ya rasu ban kai ko ƙusa maƙerar ba, don ban san wanne Yaya zai miƙo mini ba, awartaki ko benci, kuma ina tsoron in sani.

Damina ta wuce a kan motar, ga shi duk Asabar sai na gangara da ita bakin kogi na sheƙa mata ruwa har cikin inji don ta yi ƙyalli. Sai ta fara wata ƙara in na faɗa rami. Wata rana na buɗe boneti na tarar batir ya karkace. Wani bakanike a Kano ya ɗaga shi, ya danna sukundireba a farantin da ke ƙasa, ta shige har mariƙi ba tare da ya sa ƙarfi ba. Ya ce ruwan batir ya daɗe yana zuba, ya haɗu da tsatsar da ta zo da ita, kuma ɓarnar ta kusa kai wa inda ƙafar gaba take ɗaure da jikin motar. Ya ce in ina so ya liƙe mini da foti ya shafa fenti, ba wanda zai gane, amma kada in ɗauki iyalina a ciki.

Kuskuren da na yi shi ne ba Inna labari.

"Kai wa Yayanka," ta ce.

"Inna, Kano cike take da masu walda."

"Kano ba ta sha nonona ba. Tun ranar arba'in ɗin Babanku ban ga kun sa hannu a kwano ɗaya ba. Ni dai kafin in kwanta dama ina so in leƙo in gan ku ku biyu a kan aiki ɗaya. Ko wannan ma ya fi ƙarfin akawu?"

Na yi ta gunaguni, amma gaskiya ita ce ni ma ina so. Ina so Yaya ya ce mini cire riga. Na kai shekara ina so, ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma da a lokacin wani ya ce haka nake ji, da na zage shi.

Asabar da hantsi na tsayar da motar a gaban maƙera, cikin farar rigata mai guga. Yaya yana wasa lauje. Ya bar ni a tsaye har ya gama, ya gwada kaifin a farcensa, sannan ya ɗago.

"Gwangwanin ya yi magana ke nan?"

"In za ka duba ka duba, in ba za ka duba ba in wuce."

Ya buɗe boneti, ya kwance batir ya ajiye gefe, ya ɗauki kurfi ya fara caka. Duk inda ya caka sai jan gari ya zubo ƙasa. Yana yi yana tsaki, yana cewa duk karatun nan ba a koya mini bambanta ƙarfe da ƙosai ba. Ni kuwa ina kallon bencin nan da wutsiyar ido. Can ya juya ya ɗauko burushin waya ya jefo shi gaban takalmina.

"Cire rigar nan. Ko so kake in kira mai ɗaukar hoto tukuna?"

Wani daɗi ya kama ni har sai da na ji kunyar kaina. Na haɗe rai don kada ya gani, na ce masa ba sai ya jefo ba, ni ba kare ba ne. Na rataye rigar a ƙusar rumfa, na tsaya daga ni sai singileti.

Muka ɗaga motar da jak muka cire tayar gaba ta hagu. Ya sa na janye wayoyi da bututun mai gefe, na naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma don kada wuta ta taɓa su. Sannan na hau kankare tsatsa. Ba abin da ya fi kankare tsatsa cin rai. Kana gogewa tana ƙara fitowa, gari yana shiga ido da hanci, kana tofar da jan yawu. In na ce na gama sai Yaya ya zo da ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa. Inda ƙarfe ya mutu sai ka ji wani bus, inda yake da rai sai ya amsa. Ya ce tsatsa ba a yi mata gefe-gefe, sai ka bi ta har inda ta tsaya, ka ƙara yatsa biyu, sannan ka yanke. Ya zana layin da alli, kuma ramin da ya zana ya ninka wanda nake tsammani.

"Haba Yaya, ai ka cinye rabin motar."

"Ni na cinye ta? Kai da kake kai ta wanka kogi kamar akuyar da za a kai kasuwa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Duk Wudil ta gaya min. Kankare."

Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Ban nuna masa ba, amma ya gani, ya ce in bari kada amarya ta suma. Na ce masa ya ji da aikinsa. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ɗora kwali a kan ramin ya fitar da siffarsa, sannan ya je bayan rumfa ya yanko faranti daga ƙofar wata mota da ta yi haɗari. Wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da lanƙwasa da wani ɗan tudu, don haka sai an buga farantin ya ɗauki siffar. Ya sa shi a wuta, ya ɗora a kan uwar maƙerar Baba, ya miƙo mini guduma. Na buga sau uku, duka ukun ba inda ya nuna ba.

"Biro ka ɗauka? Kawo. Riƙe awartakin."

Na riƙe, yana bugu. Mun ɗan jima a haka sai na ji ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Riƙon dai ka iya. Haka Baba yake karkata shi." Kafin in ji daɗin maganar ya ƙara da cewa ko jaki ma ya iya tsayawa wuri ɗaya.

Da muka dawo daga masallaci muka tarar Inna ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu. Muka tsuguna muka sha, kowa yana kallon wani gefe. Na hango ta tana leƙowa ta ƙofar zaure, ta koma da sauri.

Saura a kafa farantin. Yaya ya zauna a ƙasa inda muka cire tayar, ya cusa kai da kafaɗa ƙarƙashin motar, don ta nan ne zai fara ɗiga walda. Ni kuma ina sama, na sunkuya cikin boneti na danne farantin a bakin ramin da awartaki. Gefe ɗaya ya ƙi zama, sai ya gasa shi da wuta har ya yi ja, ya ce in danna da ƙarfi.

"Ɗigo biyu kawai nake so ya kama. Kada ka saki sai na ce. Ko Mala'ikan mutuwa ne ya zo, ka ce ya jira."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

A daidai nan na ji wata mota ta sauka daga titi tana jan ƙarfe a ƙasa. Ban ɗago ba. Na ji an buɗe ƙofa, na ji takun takalmi, sannan na ji an kira cikakken sunana da muryar da nake ji kullum daga Litinin zuwa Juma'a. Shugabanmu ne na ofis. Zai wuce garinsu ne, salansar motarsa ta ɓalle a kan gada, direbansa ya ga maƙera ya tsaya. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, in ka kai masa fayil sai ya fara duba farcenka. Kuma shi da bakinsa ya taɓa tambayata gidanmu, na ce masa manoma ne.

Ban yi shawara ba. Na saki awartakin na miƙe tsaye. Na ji farantin ya zame ta ramin, na ji ya sauka a kan wani abu mai laushi kafin ya faɗi ƙasa, sannan na ji ƙauri. Yaya bai yi ko tari ba.

"Kai ne kuwa?" in ji shugaban, yana kallona daga sama har ƙasa. "Me kake yi a nan haka?"

"Motata na kawo gyara, yallaɓai. Ka san mutanen nan, in ba ka tsaya a kansu ba sai su ɓata maka aiki."

Haka na faɗa. Na sha juya maganar nan a raina ko zan samo mata wata fuska, ba ta da ita. Shugaban ya yi dariya ya ce gaskiyata, amma har da cire riga? Na ce to yallaɓai ya za a yi. Na je na zaro rigata daga ƙusa na zura a kan gumi da tsatsa. Sannan na juya wajen ƙafafun Yaya da ke waje, na ce, "Malam, a fara duba wa yallaɓai salansarsa tukuna."

Yaya ya kashe wutar ya fito a hankali. Fatar damtsensa na hagu zuwa gwiwar hannu ta saluɓe, faɗin tafin hannu, wurin ya yi fari. Ya tsaya ya dube ni. Na san abin da zai yi. Na san zai ce wannan ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗakin can aka yanke masa cibiya, ya tsinka ni a gaban shugabana yadda ya saba tsinka ni a gaban manoma. Har na fara shirya abin da zan ce a ofis ranar Litinin.

"To, ranka ya daɗe," ya ce.

Ya ja tukunyar gas zuwa motar shugaban, ya kwanta a ƙasa da hannun nan, ya liƙe salansar. Direban ya ce masa ai ya ƙone, ya ce ba komai, aikin ke nan. Ni kuwa ina tsaye da shugabana a inuwa muna hirar zafin gari da kyawun sabuwar kwalta. Da za su tafi ya dafa kafaɗata ya ce haka ake son ma'aikaci.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba na kama wuyan rigata zan cire.

"Bar rigarka," in ji Yaya.

Ya je ya jawo bencin, ya kaɗe shi da tsumma, ya ajiye a gabana.

"Zauna ka huta. Ko kuma ka je ka dawo Asabar, za ka tarar an gama."

Maimakon in ba shi haƙuri sai na hau shi da faɗa. Na ce shi me ya sani game da ofis? Ya san yadda ake kallon mutum a can? Ya san abin da na sha a makaranta saboda gidan nan? Na ce shi ya ja, shi da ya shekara ashirin yana ce mini Akawu, yau ga akawun ya gani. Na ce da ya yi magana mana, wa ya rufe masa baki? Ina ta ɗaga murya har masu wucewa suna tsayawa. Yaya ya ɗauki farantin da ya faɗi, ya duba ya ga ya karkace, ya wurga shi cikin tarkace. Ya shiga gida neman magani. Ban iya shiga na yi wa Inna sallama ba, na wuce tasha na hau motar haya.

Makon nan na yi shi cikin fushi, kuma Yaya nake jin haushi. Ina cewa a raina da ya zage ni, ko ya mare ni a gaban shugaban, da an wuce wurin. Ya san haka, shi ya sa bai yi ba. A ofis kuwa shugaban ya ba manya labarin wani yaronsa da ya gani a Wudil ya tuɓe riga yana koya wa masu walda aiki. Aka yi ta yaba mini, ina murmushi ina cewa na gode.

Asabar na sauka a tasha na taka zuwa gida. Tun a hanya wani mai shayi ya tare ni ya ce me ya sami Yayana, maƙeri guda yana yawo da ƙuna, gidan da ake zuwa karɓar magani? Na ce tsautsayi ne. Na tarar da motar a wanke, an juya ta tana fuskantar titi. Yaya yana zaune, hannunsa a naɗe da ƙyalle. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ya hanya? Ya iyali? Ya aiki?"

"Yaya, don Allah ka bari."

"An gama. Bismilla, a duba."

Ya buɗe boneti. Bai mayar da batir ba, yana ajiye a ƙasa, don in ga wurin da kyau. Aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Waldar ta tafi a jere ba rami ba ƙulli, ya goge ta, ya shafe gefunan da jan fenti. Amma tsakiyar farantin bai shafa komai ba. Kore ne, kuma ga fararen haruffa a kai, manya, a karkace, rubutun yaro. Zafin walda ya cinye farkon sunana da ƙarshensa, ya bar tsakiya. A ƙasa ga haruffa uku na farkon sunan garinmu.

Na juya na dubi Yaya.

"Yaya, akwatin Baba ne fa."

"Naka ne. Kai ya ƙera wa, ka bari. Ƙarfen duro ne, ya fi na motar kauri, zai kai ka duk inda za ka." Ya gyara ƙyallen hannunsa. "Na duba gidan nan kaf, shi kaɗai ne naka da ya rage. Murfin na yanka, sauran akwatin yana but ɗin motarka. Rigar Baba na ba Inna."

Ya sunkuya ya ɗaga batir da hannu ɗaya da ƙyar, ya ɗora a kan sunan. Na kai hannu zan ɗauki sifana in taya shi ɗaurewa, ya riga ni ya janye ta.

"A'a, ranka ya daɗe, kada ka ɓata hannunka."

Na shiga wajen Inna. Tana zaune da rigar Baba a ninke a cinyarta. Ta amsa gaisuwata, ta ce in ci abinci, na ce na ƙoshi. Ba ta tambaye ni komai ba, ashe tana zaure ranar ta ji duk abin da na ce. Da zan fita ta ce, "Rabin yini dai na gan ku a kan aiki ɗaya. Na gode Allah."

Na tsallake gadar ban taɓa ham ba, akwati marar murfi yana ta ƙara a but har Kano.

Motar ta yi mini shekaru. Ƙofofinta suka ruɓe, ƙasanta ya huje har ina hango kwalta, amma ƙarƙashin batir ko ɗigon tsatsa bai sake fitowa ba. Duk bakaniken da ya ɗaga batir sai ya tambaye ni wane ne ya yi aikin nan, in ce Yayana ne, maƙeri ne a Wudil, gidanmu duk maƙera ne. Na faɗa wa baƙi da yawa, har a ofis na faɗa daga baya, ba wanda ya damu. Na sha zuwa maƙerar da ƙaramin aiki a hannu, fartanya ko mariƙin ƙofa, in cire riga tun kafin in yi sallama. Kullum sai ya miƙe ya kaɗe mini benci. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don mutum ne mai taurin kai da riƙo, kuma ya san inda zai soka. Har ya rasu bai sake ce mini Akawu ba.